Janareta Ya Ƙi Tashi a Legas? Ga Abin Dubawa Kafin Ka Kira Bakanike

Wanda ya sauka Legas, ko a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago, ba ya daɗewa yake gane cewa janareta na cikin kayan sana'a. Tela da mai aski da mai cajin waya, kowa da nasa a bakin shago. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai kaɗai ya ishi mutum, balle a ƙara masa da kuɗin bakanike a kan abin da sufana biyu za su gyara. Mafi yawan injin da ya ƙi tashi a garin nan lafiyarsa ƙalau. Datti ne, ko ruwa a cikin mai, ko fulogi ya yi baƙi.

Ka fara sanin irin naka. Ƙaramin nan irin Tiger 950 ba shi da mazubin baƙin mai na daban, a cikin fetur ake haɗa masa. Ma'aunin da aka saba shi ne mililita 20 zuwa 25 na man 2T a kowace litar fetur, kuma ka haɗa a jarka ka girgiza kafin ka zuba. Masu zuba masa baƙin man mota da ka, ba awo, su ne kullum fuloginsu ke toshewa, salansa na tofar da mai. Idan kuma man ya yi kaɗan, fistin ya kama, nan sai dai a sauke inji. Babban kuwa, mai ƙarfin kVA 2.5 zuwa 3 irin su Elepaq da Sumec Firman, fetur zalla yake sha, baƙin mansa na da wurinsa, kusan lita 0.6.

Idan babban ya mutu yana cikin aiki, ko ya tashi ya sake mutuwa nan take, buɗe murfin baƙin mai kafin komai. Akwai na'urar da ke yanke wutar fulogi da zarar man ya yi ƙasa. Ajiye injin a wuri mai daidaito, ka cika har man ya zo leɓen ramin. Ko tsakar gida mai gangara ma tana sa na'urar ta yanke. Za ka samu mai ce maka a cire wayarta a huta; kada ka yarda, ita ce ke tsare maka inji. Sabon janareta a juye mansa bayan awa 20 na farko, daga nan kada ya wuce awa 100. Mai kunnawa kullum a shago gara ya riƙa juyewa a awa 50, kuma da ɗumin injin, don dattin ya biyo man.

Sai fulogi. Zare hularsa, kwance shi da sufanar fulogi, ka duba bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙi mai toka na nufin fetur ya fi iska yawa, galibi soson iska ne ya toshe ko an bar cok, mai rage iska lokacin tayar da inji, a rufe. Idan jiƙe yake sharkaf, mai ya cika ɗakin wuta: kashe makunni, ka ja igiya sau biyar ko shida ba fulogi don ya bushe. Goge bakin da buroshin waya, tazarar ta kasance milimita 0.7 zuwa 0.8. Don gwaji, mayar da shi cikin hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, ka kunna makunni ka ja. Tartsatsi shuɗi ake nema. In babu, gwada sabon fulogi kafin ka zargi koyil. Lambar na rubuce a jikin tsohon. A babban inji yawanci F7TC ne ko BPR6ES.

Inda Legas ta bambanta da gida shi ne ruwa. A Kano ko Sakkwato ƙura ce ke damun inji, a nan kuwa laima ce. Tankin ƙarfe da aka bari rabi yana tara raɓa daga ciki, ga damina mai tsawo, ga man jarka na bakin titi da ba ka san inda ya kwana ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan gangara ya zauna a ƙasan kofin kafireto (wurin da fetur ke haɗuwa da iska), daidai inda inji ke zuƙar mai. Rufe famfon mai, ka tara kwalba mai haske, ka sassauta kusar da ke gefen ƙasan kofin. In da ruwa, za ka gan shi ya kwanta a gindin kwalbar ƙwallo-ƙwallo. Buɗe famfon ka bar man ya zuba har ya fito tas.

In bai tashi ba, ko kuma yana tashi sai da cok, ko ƙararsa na hawa tana sauka, to jet, wato ƙaramin ramin da mai ke bi a kafireto, ya toshe. Kwance kusar tsakiyar kofin da sufana mai lamba 10, ka lura da robar da ke zagaye da bakinsa kada ta tsinke. A cikin bututun tsakiya akwai ƙaramin jet na tagulla, sukurudireba mai faɗin baki ke fito da shi. Ɗaga shi ga haske: in ba ka hango rami ba, ka samu ɓarawon. Wanke shi da fetur mai tsabta, ka zura silin waya ɗaya daga cikin wayar lantarki. Ban da allura, domin tana buɗa ramin, injin ya koma shan mai da hayaƙi. Abin da ke toshe shi yawanci tsohon fetur ne da ya daskare kamar ƙaro. Shi ya sa in za ka tafi gida hutun Sallah, ka rufe famfon mai ka bar injin ya ci abin da ke kofin har ya mutu da kansa.

Soson iska ba ya son dogon bayani: wanke da ruwan sabulu, shanya ya bushe sarai, ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse.

Akwai kuma inji na ƙara amma babu wuta. Duba makunnin kariya da ke gaba, wataƙila kaya sun yi yawa ya faɗi. Firji da famfon tura ruwa suna jan ninkin wutarsu sau uku ko fiye lokacin tashi, saboda haka a tayar da inji ba kaya, a jona manya tukuna, ɗaya bayan ɗaya. In ba nan ba ne, kashe injin, buɗe murfin baya. A babba, buroshin gawayi ne ya cinye ko AVR, mai daidaita ƙarfin wuta, ya ƙone; sauya su duka kwance kusa ne da zare soket. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare. A ƙarami kafasita ce, kuma tana riƙe wuta ko inji a kashe, kada ka taɓa bakinta da hannu. Idan ka ji ƙaurin ƙuna ko ka ga koyil ya yi baƙi, aikin mai naɗi ne. Haka kusar gwamna, mai saita gudun inji, kada ka taɓa ta: an saita injin a juyi 3,000 a minti don ya ba da wuta daidai, masu murɗa ta don rage shan mai su ne ke ƙona talabijin.

Gidajen hayar Legas a matse suke, kuma tsoron ɓarayi kan sa mutane shigar da janareta baranda ko lungun ɗaki da dare. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha hallaka iyali guda cikin barci. Waje ake ajiye shi, salansa na kallon nesa da taga, a ɗaure da sarƙa. Wanda ya ɗora shi a motar sana'a, dole bakin salansa ya fito waje. Kada a zuba fetur inji na aiki ko da zafinsa, kuma kada a jona shi da wayar gida sai ta makunnin canji, don kada wutar NEPA ta dawo ta same shi.

Kayan gyara akwai su a kasuwar Alaba da ke Ojo, da kuma shagunan unguwa. Tafi da tsohon a hannunka ka gwada su gefe da gefe, domin AVR kala-kala ne, wani soket ɗinsa da ramukan kusarsa ba za su zauna a naka ba.