Darasi na Bakwai: Shiga Jerin Masu Karɓar Tallafin Ambaliya

A daminar 2022 kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a gonakin shinkafa da gero da dawa a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da wasu ƙananan hukumomin Jihar Jigawa. A shekarar, mutane fiye da 600 ne suka rasu a faɗin Najeriya sakamakon ambaliya. Bayan irin wannan masifa gwamnati takan raba tallafi, wani lokaci kuɗi, sau da yawa kuma iri da taki da maganin feshi da injin ban ruwa domin noman rani. Sai dai ba a bin gona gona ana rabawa, takarda ake bi, kuma wanda sunansa bai shiga takardar ba yakan tashi a tutar babu ko da gonarsa ce ta fi lalacewa.

Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, tana aiki ne tare da takwararta ta jiha, wato SEMA, ita kuma ta jiha tana dogara da ƙaramar hukuma da masu sarauta wajen tattara sunaye. Saboda haka manomi ya kai rahoto wurin mai unguwa ko dagaci tun ruwa bai janye ba, sannan ya nemi malamin gona na yankinsa ya je ya gani da idonsa. Idan akwai waya mai kyamara a gidan, a ɗauki hoton gonar yadda za a ga shukar a cikin ruwa tare da wata alama da kowa ya sani, kamar kuka ko tsamiyar da ke kan iyaka.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana mutane karɓar rabonsu shi ne saɓanin suna. Mutum ne ake kira Mamman a gari, a katin ɗan ƙasa an rubuta Muhammad, a banki kuma Mohammed, sai kwamfuta ta ɗauke shi mutum uku, kuɗin ya maƙale. Ranar rubuta sunaye ka tafi da takardar NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ka sa a kwafi sunan harafi da harafi kamar yadda yake a jikinta, kuma kada ka tashi sai ka karanta abin da aka rubuta da kanka. Lambar NIN da ta BVN, wato lambar tantancewa ta banki, kowacce alƙaluma 11 ce, lambar asusun banki kuwa 10, don haka ka ƙirga su da yatsa. Lambar sirrin katin cirar kuɗi ba ta cikin abin da ake tambaya, kuma duk wanda ya bugo waya yana nemanta ɗan damfara ne. Mata masu gayauna su tsaya a rubuta sunansu daban, domin idan aka haɗa da na maigida, gona ɗaya za a lissafa.

Jami'ai kuma da hekta suke awo. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kimanin eka biyu da rabi. Wanda ya karɓi gona aro ko haya ko jingina ya faɗi haka a gaban mai unguwa tun farko, domin shi ya yi asarar iri da taki, ba mai gonar ba, kuma rigima kan wannan takan sa a cire sunayen su biyun.

Aikin gida: gonar Malam Audu tana da tsawon mita 200 da faɗin mita 150, ruwa kuma ya cinye kashi biyu cikin uku. Lissafa hekta nawa ya lalace, sannan ka rubuta cikakken sunanka sau uku kamar yadda yake a takardar NIN, ka kawo wa malami ya duba.