Kurakuran da ɗalibanmu ke yi a lokacin SIWES

Duk shekara ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), da na Foliteknik ta Tarayya da ke Gwallameji, da na Foliteknik ta Tatari Ali kan bazu cikin garin Bauchi da takardar neman gurbin SIWES a hannu, wato shirin tura ɗalibai wuraren aiki su koyi aiki a aikace. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikata, ita ce ta ƙirƙiro shirin a 1973, saboda ma'aikatu suna kukan masu kammala karatu ba su iya aiki ba. Abin da ke damuna shi ne da yawa suna gama wata huɗu ko shida hannunsu bai taɓa komai ba.

Matsalar tun wajen zaɓen wuri take farawa. Ɗalibi ya bi suna, ko inda kawunsa ke aiki, ya ƙare a ofis mai sanyi yana kai fayil da sayo ruwa. Kafin ka miƙa takardarka, je da ƙafarka ka tambaya: me zan riƙa yi, wa zai koya mini? In ba a ba ka amsa ba, gara garejin da za ka kwance inji hannunka ya yi baƙi. Kuma ka fara nema tun kafin jarrabawa, don wurare masu kyau da wuri suke cika.

Sai girman kai, wanda ya fi kowanne ɓarna. Za ka tarar da maigidan da ko sakandare bai yi ba, amma daga ƙarar mota yake gane ciwonta. Irinsa in ya ga kana ji da boko, shiru zai yi maka har ka tafi. Ka riga shi zuwa, ka share wurin, ka ce, "Maigida, don Allah sake nuna mini, ban gane ba." A nan yake buɗe maka abin da ba ya cikin littafi.

Logbuk kuma, wato littafin da ake rubuta aikin kullum a ciki, kada ka bari sai makon ƙarshe ka kwafi na aboki. Layi uku kullum da yamma ya isa, da zanen abin da ka gani, a sa maka hannu duk mako. Ranar kare rahoto, wannan ne zai tsaya maka.

Alawus yakan yi jinkiri, don haka ka tanadi kuɗin mota tun farko.

Wasu kuma da wa'adi ya cika sai su sulale ba sallama. Ka koma ka yi godiya, ka karɓi lambar maigidan, ka roƙi takardar shaidar ayyukan da ka yi tun yana tune da fuskarka.