Yadda ake ɗaura tsohon lensin zamanin fim a kyamarar dijital

Ranar wani ɗaurin aure ne a Tudun Wada wani yaro mai koyon hoto ya tsaya yana ta kallon kyamarata, can dai ya kasa haƙuri ya ce "Yaya don Allah wannan wane irin lensi ne, na ga kamar daga wajen 'yan gwangwan aka tsinto shi." Na yi dariya na ce ai saura kaɗan ya je can ɗin. Helios 44-2 ne, 58mm f/2, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyat, a cikin adakar kawuna na same shi manne da kyamarar Zenit da ya daina taɓawa tun kafin a haifi yaron. Yanzu kuma da shi nake ɗaukar yawancin hotunan fuska. To tun ranar yake damuna da tambaya, shi ya sa na ce bari kawai in rubuta kowa ya amfana.

Abu na farko, kuma wallahi in ka gane shi ka gane rabin aikin, shi ne tazara. Kowace kyamara tana da wata tazara tsakanin bakin da ake ɗaura lensi da wurin da hoto ke sauka, da can fim ne yanzu kuma sensa. Kowane lensi an ƙera shi ne don tazarar gidansu, in ba a ba shi ita daidai ba ba zai ga nesa ba. Ita kuwa adafta da ake ta magana ba wani abin mamaki ba ne, zoben ƙarfe ne kawai mai cike giɓi, gefe ɗaya ya kama lensi gefe ɗaya ya kama kyamara. Gajere zai iya taka turmi ya kai, amma dogo ba shi da yadda zai yi ya rage tsawo. Kenan dole tazarar kyamararka ta zama ƙasa da wadda lensin yake buƙata, sannan adafta ta samu wurin zama.

Shi ya sa masu kyamara mara madubi, wato wadda babu madubi tsakanin lensi da sensa, suka fi kowa morewa. Sony E tazararta 18mm ce, Fuji X 17.7mm, Canon RF 20mm, Nikon Z 16mm, su Olympus da Panasonic na Micro Four Thirds kuma 19.25mm. Tsoffin lensunan kuwa yawancinsu sama da 40mm suke: Canon FD 42mm, Minolta MD 43.5mm, M42 da Pentax K kusan 45.5mm, Olympus OM 46mm, Nikon F 46.5mm. Ka ga in mara madubi gare ka kusan duk wanda ka tsinta zai hau, adaftarsa kawai za ka nema.

Amma mu faɗi gaskiya, yawancin masu hoto a nan Zariya daga Sabon Gari har Samaru har cikin birni Canon ko Nikon mai madubi ne a hannunsu, su 600D da D3200 da makamantansu, to a nan ne ake yin asara. Canon EF tazararta 44mm, don haka M42 zai hau, Nikon F zai hau, OM zai hau, amma FD da Minolta ba za su hau da zobe zalla ba. Ni nan sai da na sha wannan. Wani bawan Allah mai sayar da tsoffin kayan wuta ya nuna min Canon FD 50mm f/1.8 tsaf da shi, ya ce "Oga ai Canon ne, naka ma Canon ne, meye na tambaya?" ni ma na ga ai maganarsa da hankali na biya na taho gida ina murna, na juya na juya abu ya ƙi shiga. Ashe tun 1987 Canon suka canza baki gaba ɗaya lokacin da suka fito da EOS, tsohon da sabon suna kawai suka haɗa. Na ƙara kashe kuɗi na yi odar adafta mai ɗan gilashi a ciki wadda ke gyara tazarar, hoton da ya fito kamar an shafa wa lensin man kaɗanya. Ba laifin mutumin ba ne, shi ma bai sani ba. Sai bayan na koma Sony wannan lensin ya nuna min ko shi waye.

Masu Nikon mai madubi kuwa ku haƙura da lensin wasu gidaje, tazararku ta fi ta kusan kowa tsawo, Helios zai ɗauru da zobe amma iyakarsa abin da ke kusa, ba zai ga nesa ba. Sa'arku ɗaya, Nikon tun 1959 suke kan bakin F, don haka tsoffin lensunansu, wato Nikkor, na shiga kai tsaye ba adafta. Sai dai a kula, waɗanda aka yi kafin 1977, wato kafin tsarin haɗa lensi da kyamara da Nikon suka kira AI, suna iya murƙushe wani ɗan harshe da ke bakin kyamarori irin D7000 da D610 da D750, in ka ji ya cije kar ka tilasta. Su kuma D3200 da D5300 lensin zai hau amma ba za su auna maka haske ba, a M, inda kai ke saita komai da hannu, kawai za ka yi aiki kana ɗauka kana dubawa.

Yaya za ka gane bakin lensi? In ka ga bayansa zare ne kamar murfin kwalba, galibi M42 ne, faɗin 42mm, shi ne na Zenit da Praktica da tsoffin Pentax masu Takumar. In kuwa kunnuwa ne ake murɗawa su kulle, to duba sunan kamfani. Matsalar tana wajen irin su Vivitar da Soligor da Tokina, don su kowane gida suke yi wa, sai ka duba kusa da bakin za ka ga ƙananan haruffa kamar PK ko MD ko FD ko OM. In ba ka gane ba ɗauki hoton bayan da waya ka tambaya kafin ka ba da kuɗi.

To yanzu duba lafiyarsa, kuma nan nake so ka natsu don lensin da ya shekara 40 a ɗaki ba a saye shi da kallon waje. Buɗe afacha, wato ƙofar da haske ke bi a cikin lensi, gaba ɗaya, kunna tocilar waya ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba a ɗan karkace, kar ka haske idonka. 'Yar ƙura ba komai ba ce, babu tsohon lensin da ba shi da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin tsoro shi ne ka ga wasu zare-zare farare kamar yanar gizo-gizo sun taso daga gefe, wannan funfuna ce, in ta daɗe tana cinye rufin gilashin ko an wanke tabon na nan. Sai hazo, wato ka ga gilashin ya yi dishi-dishi kamar safiyar hunturu a hanyar Funtuwa, shi ma yana kashe hoto ya fita fari-fari ba armashi. Karce a gilashin gaba da sauƙi, na baya shi ne mugu. Daga nan murza zoben fokos daga farko har ƙarshe, ya kamata ya tafi sumul da ɗan nauyi, in yana cijewa ko kana jin yashi-yashi man ciki ya bushe. Sai ka murza zoben afacha kana kallon 'yan fuka-fukan da ke ciki suna tsukewa suna buɗewa, in ka ga sheƙin mai a jikinsu wata rana za su manne. Kuma mafi alheri ka je da kyamararka da adafta ka gwada a wurin, ka ɗauki wani abu mai nisa kamar hasumiyar masallaci ka ga ko ya fito ras.

Wani abu game da M42, wasunsu suna da ɗan tsinke a baya wanda tsohuwar kyamara ke dannawa kafin afacha ta tsuke. In lensin na da maɓallin A da M a gefe, tura shi M shike nan. In babu, nemi adafta mai ɗan leɓe a ciki da ke danne tsinken, in ba haka ba duk lambar da ka sa a buɗe zai zauna. Helios 44-2 ba shi da wannan rigimar, zobe biyu gare shi, ɗaya ka zaɓi lamba ɗaya kuma ka murza ya rufe zuwa wurin. Masu Canon 5D kuma a yi hattara, wasu daga cikin lensunan nan bayansu na shiga ciki in an kai fokos nesa har madubi ya buge su.

In ka ci karo da Super Takumar 50mm f/1.4 ka ga gilashin ya yi rawaya kamar shayi, kar ka gudu. Akwai sinadarin toriyam a gilashin wasunsu shi ke jawo haka da daɗewa, kuma hasken rana na rage shi, sai a naɗe jikin da takardar alminiyam a bar gilashin baya yana kallon taga na wasu kwanaki ko makonni. Rana dai ba mu rasa ta ba a Zariya. Kawai kar ka bar shi ya yi zafi sosai man ciki ya narke, kuma kar ka yi gigin fasa gilashin ko goge shi da abin karta.

An ɗaura, sai saiti. Kyamara ba ta san akwai lensi a jikinta ba tunda babu wayar da ta haɗa su, wasu sai su ƙi ɗauka, don haka shiga menu ka nemo inda aka rubuta Release w/o Lens a Sony, ko Shoot Without Lens a Fuji, ka kunna. Sa kyamara a A, ko Av in Canon ce, ban da su D3200 da na ce sai M, kai ka zaɓi afacha a jikin lensi ita ta zaɓi gudun shota. In kyamararka na da abin hana rawar hannu a jikinta, dole ka gaya mata tsawon lensin da kanka, in ka bar ta a 28 alhali 135 ka ɗaura sai ta ƙara ɓata hoton maimakon gyara. Ka kuma tuna sensar yawancinmu ƙarama ce, ana ninka lambar tsawon lensin da 1.5, a Canon 1.6, a Micro Four Thirds kuma 2. Wato Helios 58 ya koma kamar 87, shi ya sa ya dace da fuska amma a ɗakin amarya ba za ka samu wurin ja da baya ba. Shota kuma kar ta sauka ƙasa da 1/100 da irin wannan lensin in a hannu kake riƙe.

Sai uwa uba, fokos da hannu. Kyamara mara madubi tana da abin da ke shafa launi ja ko rawaya a gefen duk abin da ya fito, Peaking ake rubutawa a menu, yana taimakawa amma kar ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, a f/2 zai nuna maka fuska duk ta yi ja ka koma gida ka tarar kunne ne ya fito ido ya tafi. Abin da ba ya ƙarya shi ne maɓallin ƙara girma, ka kai shi kan ido ka murza a hankali ka ɗan wuce ka dawo, inda gashin ido ya rarrabu ɗaya-ɗaya nan ne. Ni na mayar da wannan aikin kan maɓallin da babban yatsana ke kaiwa ba sai na duba ba. Mai Canon ko Nikon mai madubi ya yi amfani da allon baya ya ƙara girma sosai, don ta ramin leƙawa da wuya ka gane daidai. Dabara ɗaya, yi fokos afacha na buɗe sannan ka tsuke zuwa f/4 ko f/5.6 ka ɗauka. Wata kuma, in ka kusa samu daina murzawa, kai ne za ka ɗan sunkuya gaba ko baya.

Kar ka fara koyo a kan aikin kuɗi don Allah. Makon farko sai ka ga hoto goma biyu ne suka yi, haka kowa ya fara. Je ka bakin dam ɗin ABU da yamma ko gindin Kufena ka yi ta gwadawa a kan abin da ba ya motsi, daga nan mai shayi, daga nan yara. Kuma in kana son juyawar nan da Helios ya yi suna da ita, inda bayan mutum ke zagayawa kamar guguwa, tsayar da mutum kamar mita 2 daga gare ka, bayansa a samu bishiya mai ganye da rana ke ratsawa can nesa kaɗan, ka buɗe f/2. A ƙaramar sensa ba ta fita sosai don an yanke gefen hoton inda abin ya fi yawa, amma ana gani.

Hawan sallah fa? Ni dai ranar hawa a ƙofar fada ba na wasa, lensin zamani nake ɗauka, doki a guje ba ya jiran ka murza zobe. In kuma dole sai tsohon, ɗaura 28mm ka sa f/8 ka ajiye fokos a mita 5, daga kamar mita 2 da rabi har ƙarshen gani duk zai fito daidai gwargwado, sai ka manta da fokos ka kula da inda dawaki ke nufa. Rana kuma in ta bugi gilashin gaba tsoffin nan ba sa jurewa kamar na yanzu, hoton sai ya wanke, ka sa masa hula ko ka kare da tafin hannu.

Ajiya ita ma aiki ce. Da hunturu kar ka canza lensi a fili iska na kaɗawa, shiga mota ko ɗaki ka kifa bakin kyamara ƙasa, kuma ka hure ƙura da abin hura iska kafin ka sa ƙyalle, in ba haka ba da hannunka za ka karce gilashin. Da damina musamman watan Agusta kar ka bar shi cikin jakar fata a lungu, nan funfuna ke so. Ni bokitin roba mai murfi na samu na zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, lokaci-lokaci in fito da lensunan su sha haske. Wanda kuma ya riga ya kamu na ware masa nasa mazubin daban.

Shi dai yaron nan na Tudun Wada makon jiya ya turo min hoton wani Yashica da ya samo wajen kakansa a Ƙofar Gayan, yana tambaya ko zai hau 700D ɗinsa. Na ce ya juya shi ya turo min hoton bayan tukuna.