Yadda ake bin sawun sunan Lucia tsakanin Italiya da Sifaniya

A fara da duba harafin i. Idan da ɗan layi a kansa (Lucía), rubutun Sifaniyanci ne. Italiyanci ba ya sa masa komai. Layin yana nuna inda ake danna murya, ya kuma raba i da a. In aka cire shi, ƙa'idar Sifaniyanci za ta haɗe su, sunan ya koma gaɓa biyu maimakon uku.

Wajen furuci Bahaushe ya samu sauƙi. Harafin c kafin i a Italiyanci daidai yake da na "ciki" ko "cinya", don haka lu-CI-ya ake cewa. A Madrid kuwa ana sa harshe tsakanin haƙora, kamar harafin ث na Larabci. A Meziko da Ajantina s ne zalla: lu-SI-ya.

Don gano tushe sai a koma Latin. Lucia shi ne na mace na Lucius, kuma duka biyun daga kalmar lux suka fito, wato haske, wadda ke zama luc- idan aka yi mata ɗafi. Ma'anarsa ta zo ɗaya da ta Nura ko Nuratu. Na maza a harsunan biyu Lucio ne da Luciano.

Abin da ya yaɗa shi addini ne. Waliyiya Lucia ta garin Siracusa a tsibirin Sisili an kashe ta a shekarar 304, zamanin sarkin Rum Diocletian. Cocin Katolika na tunawa da ita ranar 13 ga Disamba, kuma ranar ce ake taya masu sunan murna. Italiyawa na kiran wannan al'ada onomastico.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne Luca. Ya ƙare da a, amma a Italiya sunan namiji ne, takwaransa na Sifaniya Lucas, tushensu kuma Loukas na Girkanci.

Kada a dogara da layuka biyun ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa, domin a nan ana zubar da alamar, duka su fito LUCIA. A duba sunan iyali: a Sifaniya biyu ake ɗauka, na uba da na uwa, a Italiya galibi ɗaya.