Yadda ake kama kod ɗin Am a wurare daban-daban a wuyan jita

Yawancin masu koyon jita suna iya kama Am, wato kod ɗin A maina (kod sautuka ne da ake kaɗawa tare), a wuri ɗaya, can kusa da kan jitar, sai su yi zamansu a nan shekara da shekaru. Da an ce su gangara gida na 5, sai hannu ya ƙage, sauti ya mutu, su ce ai yatsunsu ne gajeru. Ba yatsu ba ne. Am sauti uku ne kacal, A da C da E, kuma duk inda ukun nan suka haɗu a wuyan jita, Am ne. C ɗin nan shi ke sa kod ɗin ya zama maina, ya ba da wannan amo mai sanyaya jiki. Ka riƙe wannan, don shi ne abin da ke ɓace wa mutane.

Zan ɗauka jitarka tana kan saitin da aka saba, E A D G B E, daga tsirkiya ta 6 mai kauri zuwa ta 1 siririya. Gida kuwa shi ne filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Na farko, wanda kowa ya sani. Manuniya a tsirkiya ta 2 gida na 1, yatsan tsakiya a ta 4 gida na 2, mai bi masa a ta 3 gida na 2. Ta 5 da ta 1 a sake. Kada ka kaɗa ta 6. E ce, tana cikin kod ɗin, amma in ta shigo daga ƙasa sai ta dagula amon. Ni ina leƙo da babban yatsa ta saman wuyan in ɗan taɓa ta don ta yi shiru, kai ma ka saba da haka.

Na biyu shi ne inda ake shan wahala. Ka kwantar da manuniya a gida na 5 ta danne tsirkiyoyin shida gaba ɗaya. Yatsa na uku, wato mai bin na tsakiya, a tsirkiya ta 5 gida na 7, ƙaramin yatsa a ta 4 gida na 7. Yatsan tsakiya ba shi da aiki. Sautukan daga mai kauri zuwa siririya su ne A, E, A, C, E, A. Duba da kyau: A uku, E biyu, C guda ɗaya tal, kuma tana kan tsirkiya ta 3, daidai inda manuniya ta fi rauni. A hannun mutane da yawa, tsirkiyar nan kan faɗa cikin tsagar gaɓar yatsa, inda nama ya lotsa, sai ta yi ɗif. Mai koyo ya kaɗa, ya ji ƙara ta fito, ya ɗauka ya iya. Alhali A da E kawai yake bugawa, kod ɗin bai zama maina ba, bai zama mejo, kishiyar maina, ba.

Ga yadda za ka gane. Ka kama kod ɗin, ka ɗora yatsan tsakiya a tsirkiya ta 3 gida na 6, ka kaɗa. Wannan A mejo ne. Ɗaga yatsan ka sake kaɗawa. In kunnenka ya ji amon ya sauya ya yi sanyi, C ɗinka na nan. In kuwa wani sauti ne kawai ya ɓace, babu abin da ya maye gurbinsa, tsirkiya ta 3 ta mutu. Daga nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kana saurare. Wannan bin ɗaya-ɗaya shi ne abin da masu koyo suka fi ƙi, saboda yana tona asiri.

Abin da kowa ke fara yi shi ne ƙara matsi, har farce ya yi fari, gindin babban yatsa ya ɗauki zafi. Ƙarfi ba ya gyara wannan. Ka ɗan mirgina manuniya ta kwanta a gefenta, ɓangaren da ke kallon babban yatsa, don nan ne ƙashi yake, cikin yatsa kuwa tsoka ce mai laushi. Ka matso da ita dab da ƙarfen da ya raba gida na 5 da na 6, ba tsakiyar gidan ba, ba kuma kan ƙarfen ba. Sannan ka tura ta sama ko ka janyo ta ƙasa kaɗan, har tsagar gaɓar ta kauce wa tsirkiya ta 3. Wani sai kan yatsansa ya zarce wuyan jitar sosai kafin ya dace, wani kuwa a'a, hannu hannu ne. Babban yatsa ya sauko tsakiyar bayan wuyan, kusan saitin yatsan tsakiya, kada ya rataya a sama kamar yadda ya yi a na farko. Kuma ka tuna tsirkiya ta 5 da ta 4 suna da masu danne su a gida na 7, saboda haka manuniya ba ta da ruwa da su. Aikinta huɗu ne: ta 6, ta 3, ta 2, ta 1. Yatsan tsakiya da ke zaman banza, ka jingina shi a kan manuniya ya taya ta. Wasu malamai ba sa so, ni ban ga laifinsa ba.

In ka yi duk wannan abin ya ƙi, duba jitar kanta. Auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta 6 da ƙarfe na 12. In ta haura milimita 3 sosai, kai wa mai gyara ya sauke ta, ko ka sa tsirkiyoyi marasa kauri. Na ga masu koyo da dama sun jingine jita saboda wannan, suna zargin hannunsu.

Akwai hanyar ratse. Ka bar ta 6 da ta 5, manuniya ta danne ta 3, ta 2 da ta 1 kawai a gida na 5, yatsa na uku a tsirkiya ta 4 gida na 7. In kana kiɗa da mai jitar bes, wannan ma ya fi, don shi ke riƙe da ƙasan. Amma kada ka fake a nan ka ƙi koyon cikakken.

Na uku yana farawa daga gida na 7, tsirkiya huɗu kawai. Manuniya a ta 4 gida na 7, yatsa na uku a ta 3 gida na 9, ƙarami a ta 2 gida na 10, na tsakiya a ta 1 gida na 8. Siffar kod ɗin Dm (D maina) ce aka matsar da ita gaba. A nan C tana kan tsirkiya ta 1, ita ce a sama, shi ya sa sanyin kod ɗin ya fi fitowa fili. In miƙa yatsun ya yi maka wuya, saki ta 4 ka kama 9, 10, 8.

Na huɗu maimaicin na farko ne a gida na 12, inda ɗigo biyu suke. Manuniya a kwance daga ta 5 zuwa ta 1, sauran yatsun a ta 4, ta 3 da ta 2, gida na 14, 14, 13. Gidajen sun matse a can, a jitar da ba a yanke wa gefe ba da ƙyar hannu ke shiga, sai ka ɗauki ta 3, ta 2 da ta 1 kawai: 14, 13, 12.

Yanzu sai haɗawa. Kaɗa sau huɗu a na farko, huɗu a gida na 5, huɗu a na 7, ka dawo, ba tare da ka tsaya ba ko da sauti ya kuɓuce. Idonka ya riga hannunka isa gidan da za ka, kuma ka sassauta matsi kafin ka zame, in ba haka ba tsirkiya ta yi ta ƙugi. Siffar gida na 5 in ka mayar da ita gida na 3 ta zama Gm, a na 7 Bm, a na 8 Cm. Ta gida na 12 kuwa, in ka sauko da ita na 5 Dm ce, a na 7 Em.