Yadda Ake Daka Yajin Ƙuli a Gida

Uwargida, idan kina son yajin da zai daɗe bai dunƙule ba, aikin yana farawa ne tun kafin a ɗauko turmi. Komai sai ya bushe ƙayau.

Ki tanadi ƙuli-ƙuli gwangwanin madara 3, busasshen barkono gwangwani 1, busasshiyar citta manya 3, masoro cokali 1, kanumfari kamar ƙwaya 6, kimba 2, busasshiyar tafarnuwa kaɗan, man gyaɗa kaɗan, gishiri da magi 4. Mai son yajin ya yi ja ba tare da ƙarin zafi ba, sai ta haɗa da busasshen tattasai.

Da farko ki tsince barkonon, ki cire hancinsa da tsakuwa, ki shanya shi a rana. Idan kika matsa ɗaya ya karye ƙas, ya yi. Idan ya lanƙwashe, a mayar da shi rana.

Sai daka. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su zuba komai a turmi lokaci guda. Masu tauri ake fara dakawa: citta, masoro, kanumfari da kimba. Ita kimbar ki fasa ta ki zubar da 'ya'yan, ɗaci ne da su, ƙamshin yana jikin ɓawon. Kanumfari kuwa kada ki cika hannu, yana danne ƙamshin sauran. In sun yi laushi ki zuba barkono, tafarnuwa da gishiri, har da tattasan in za ki sa, ki ɗiga man gyaɗa kaɗan don kada garin ya riƙa tashi. Duk da haka ki rufe hanci, ki kori yara daga tsakar gida, don atishawa ba makawa.

Ki tankaɗe da rariya, ki mayar da tsakin turmi ki sake dakawa har ya ƙare.

Ƙuli shi ne na ƙarshe, kuma daban ake daka shi. Ki zaɓi mai ƙaras-ƙaras wanda ba ya maiƙo, marar sukari. Daka sama-sama ya isa, domin idan taɓarya ta daɗe a kansa mai zai fito, ya cure. Ki tankaɗe, ki haɗa da garin barkonon, ki murmushe magi a ciki, ki juya sosai ki ɗanɗana.

Ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, kuma kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga, musamman da damina. Na tsire da gurasa ke nan. Idan na garau-garau ko ɗanwake kike so, ki rage ƙulin ki ƙara barkono.