Yadda za a gane motar da gishirin titi ya ci kafin a biya kuɗinta

Mai neman mota 'yar Kwatano a Birnin Kebbi ko Jega yakan tsaya ne kan ƙyallin fenti da lafiyar inji, alhali babban aibin motocin ƙasashen sanyi yana can ƙarƙashinsu, inda mai babbar riga ba ya son durƙusawa ya leƙa.

Asalin aibin gishiri ne. A Kanada da arewacin Amurka da Turai, da zarar hunturu ya kama, manyan motocin hukuma kan bi tituna suna watsa gishiri, wani lokaci su fesa ruwansa tun kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, amma mai gishiri sai sanyi ya wuce haka, don haka titi ba ya zama santsi, tayoyi kuma su sami abin kamawa. Idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, ƙarfin gishirin yakan ragu, sai a haɗa da wasu sinadarai. Dabarar tana ceton rayuka ƙwarai, sai dai ruwan da tayoyi ke fantsamawa yana maƙalewa a ƙarfen mota, shekara bayan shekara yana cinsa.

Saboda haka kada ka yi ciniki a inda motar take ajiye. Ka nemi dillali ya bari a kai ta kan ramin gareji, ka tafi da bakanikenka da tocila da sukudireba. Ja-jan tsatsa a saman ƙarfe ba abin tsoro ba ne. Abin gudu shi ne tsatsar da ke ɓarewa kamar ɓawon itace, wadda idan an soka mata sukudireba sai ya nutse. A fara da shasi da wuraren da ake kafa jak, a bi bayan tayoyi da gindin ƙofofi, sannan a ɗaga kafet ɗin but a duba mazaunin safaya.

Inda ya kamata a fi daɗewa shi ne siraran bututun man birki. Na ƙarfe ne, suna bin ƙasan mota daga gaba zuwa baya, kuma wanda tsatsa ta cinye yakan fashe ne daidai lokacin da aka taka birki da ƙarfi, misali tirela ta tsaya maka ba zato a hanyar Koko zuwa Yawuri. Salansa idan ta ɓule ana sauya ta da kuɗi kaɗan, amma ruɓaɓɓen shasi, a ganina, ko an yi masa walda ba abin ɗaukar iyali ba ne.

Ka yi hattara da ƙasan da aka shafe da sabon baƙin fenti mai kauri, domin sau da yawa rufi ne. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kuma tana taimakawa, tunda da ita ake neman tarihin motar Amurka ko Kanada a intanet: wadda ta yi zamanta a yankunan sanyi irin su Mishigan ko Ontariyo ta sha gishiri fiye da ta jihar Arizona mai zafi. Idan ka saya, a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi, a bari ya bushe, a fesa maganin tsatsa kafin damina ta faɗi.